Daga Maraɗi Zuwa Fagge da Mota Mai Ciwo

Wata uku motata ta yi tana ba ni wahala kafin in yanke shawarar kai ta Kano. Toyota Corolla ce ƙirar 2005, 'yar Kwatano, kuma tun da na saye ta ban taɓa kuka da ita ba sai a daminar 2024. Ciwon a hankali ya shigo. In na taka totur zan wuce babbar mota sai ta cije, ta yi kamar za ta mutu, sannan ta fizga. Daga baya abin ya koma da zarar rana ta take sai ƙarfinta ya tsinke, ko ɗan tudu ta gani sai na sauko giya ta biyu. A Maraɗi an sauya mata fulogi, an sauya kwayil biyu, an wanke nozul, a ƙarshe aka sa mata sabon famfon mai. Da na haɗa lissafi, jika 80 ta sefa ta wuce. Makanikena mutumin kirki ne, ba ya cin amana, amma da kunne yake aiki, da kuma abin da ya saba gani a wasu motocin. Ranar da ya ce mini wataƙila sai an sauke inji, a daren na buga wa aminin mahaifina da ke Fagge waya. Ya ce, "Ɗana, kada ka bari a kwance ta. Kawo ta nan tukuna."

Mun bar Maraɗi bayan sallar asuba a wata Talata cikin watan Nuwamba, ni da ɗan yayata, don mu ci rabin hanya kafin zafi. Na cika tanki a gidan mai a kan sefa 499 kowace lita, farashin da aka sauko da shi daga 540 a watan Yulin 2024. Da, babu ɗan Maraɗin da zai nufi Najeriya da cikakken tanki, don man yana can gaba a araha. Shekara da shekaru garinmu yana rayuwa a kan ruwa-ruwa, man da ake tsallako da shi a jarka ana sayarwa a kwalabe a bakin titi, duk da matatar SORAZ da ke Damagaram tana aiki tun 2011. Ni ma da shi na raini motar nan. Tun da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, teburan kwalabe suka fara raguwa, a wannan tafiyar kuwa kaɗan muka gani tsakanin gari da Ɗan Isa.

Maganar takardu a kan iyaka ba ta ɗauke mu awa ɗaya ba, 'yan duwan a ɓangarenmu, kwastan a Magama. Daga Jibiya zuwa Katsina shingayen jami'an tsaro ne birjik, tsaya-tafi, tsaya-tafi, kuma irin wannan tuƙin motar ba ta nuna komai, har ɗan yayata ya ce, "Kawu, ai ta warke." A kan hanyar ne muka yi ta zancen layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021. Duk lokacin da na shiga Katsina ina jin kamar gida na zo, don kakanninmu daga nan suka tashi bayan jihadi suka kafa Maraɗi, har yau kuma sarkinmu Sarkin Katsina ake ce masa. Mun sha koko da ƙosai a tsaye, muka ɗauki hanyar Kano, kilomita kusan 170.

Caranci lafiya, Kankiya lafiya. Muna wuce Gidan Mutum Ɗaya rana ta fara zafi, hanya ta miƙe, na ba ta wuta, sai ciwon ya dawo. Kafin Tsanyawa ta mutu murus a gefen wata gonar dawa da ake girbi. Wani dattijo ya bar aikinsa ya zo da yaransa biyu suka tura mu inuwar darbejiya, ya aika gida aka kawo mana fura a ƙwarya da ruwan randa. Na ciro kuɗi, ya ce, "Haba Malam, baƙo ne kai, mayar da abinka." Minti arba'in muka zauna muna hirar farashin taki, wanda ya ce shi ne ya hana shi noma masara a bana. Da motar ta huce, kik ɗaya ta tashi. Haka muka lallaɓa ta ta Bichi, ban wuce gudun 60 ba, har muka iso Dawanau, inda manyan motoci ke jere da buhunan wake da riɗi, wasunsu da lambar ƙasarmu.

Shiga Kano ta titin Katsina jarrabawa ce ga mai mota mai ciwo. Daga Miltara zuwa Bachirawa, Rijiyar Lemo, Kurna, adaidaita sahu ne ke sarauta, masu ruwan ɗorawa, suna kutsawa ta duk inda suka ga tazarar taku ɗaya. A Maraɗi kabu-kabu ne ya fi yawa a titi, nan kuwa tun 2013 aka hana ɗaukar fasinja a babur, shi ya sa keken ya cika gari. Sau biyu ta mutu mana a cunkoso, sau biyu kuma samarin da ban sani ba suka sa hannu suka tura. La'asar sakaliya muka shiga Fagge.

Baba, aminin mahaifin nawa, ɗan kasuwar Kantin Kwari ne, asalinsa Tasawa, ya fi shekara hamsin a Kano. Ya sauke mu a ɗakin soro da aka share aka shimfiɗa darduma, aka kunna turaren wuta. Da magariba aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, bayan isha kuma ya aika aka sayo gurasa bandashe, wadda aka jiƙa aka barbaɗe da ƙuli-ƙuli da yaji, ga albasa da tumatir da man gyaɗa, da tsire a gefe. Ta naira 1,000 ta ishe mu mu biyu. A gida muna da kilishin da ba na jin akwai wanda ya fi shi, amma gurasa ta Kanawa ce, ban taɓa cin mai daɗin wannan a wani gari ba. Baba ya ce ai Fagge dama masaukinmu ce mu mutanen arewa. Fage ne a wajen ganuwa inda ayarin raƙuma daga Agadas da Damagaram ke sauke kaya, kuma masana tarihi na kai farkonta zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Har yanzu in ka zauna a majalisar ƙofar gida ka bi asalin mutane, sai ka ji wannan kakansa Buzu ne, wancan Balarabe, wancan ɗan Damagaram.

Da safe muka biya ta Wapa na canza kuɗi. Jika ɗaya ta ba ni fiye da naira 2,500, na tuna lokacin da 'yan Maraɗi ke ajiyar naira don ta fi sefa daraja. Litar fetur a Kano a lokacin ta haura naira 1,000, in ka juya ta sefa ba ta da nisa da farashinmu, to ka ga abin da ya kashe ribar ruwa-ruwa. Shayi da burodi da ƙwai a teburin mai shayi ya ci mana naira 3,000 mu biyu. Burodin Kano laushi gare shi da zaƙi, namu dogon nan mai ɓawo ya fi riƙe ciki.

Garejin da Baba ya kai mu yana wani lungu a gefen Fagge, fili ne da rumfar kwano da motoci bakwai ko takwas. Maigidan garejin bai wuce shekara arba'in da biyar ba. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba, sannan ya yi tambaya uku: yaushe take cijewa, wane irin mai nake sha, kuma da aka sauya famfon an sauya rariyarsa da matatar? Ta ukun ban san amsarta ba. Ya fara jona ƙaramar kwamfuta a ƙarƙashin sitiyari, ta nuna P0171. Ya ce ma'anarsa iska ta rinjayi mai a cikin inji, amma kwamfutar ba za ta faɗi dalili ba, don irin wannan motar ba ta da abin da ke gaya wa ƙwaƙwalwarta ƙarfin da mai ke zuwa da shi. Sai ya ce wa yaronsa ya ɗauko geji.

Abin ba wani babba ba ne. Agogo ne mai allura ɗaya, da tiyo baƙi da 'yan mahaɗai a cikin akwatin roba. Lambobinsa irin na gejin mai faci ne da ake duba iskar taya, wanda ake rubutawa psi. Kafin ya taɓa komai ya ɗaga kujerar baya ya zare soket ɗin famfo, ya tayar da mota ya bar ta har ta mutu da kanta, don man da ke matse a bututu ya sauka. Ya kori wani mai sigari da ke zaune kusa, ya sa aka ajiye bokitin yashi, ya naɗe mahaɗin da tsumma kafin ya ɓalle shi. Ya ce wasu motocin Amurka suna zuwa da ɗan baki kamar na taya inda ake ɗaura geji kai tsaye, Corolla kuwa sai an raba bututun an sa mahaɗi mai baki uku a tsakani. Ya mayar da soket, ya ce wa ɗan yayata, "Samari, tayar."

Allura ta hau a kasalance ta tsaya a 33. Ya nuna mini a wayarsa abin da littafin motar ya ce: 44 zuwa 50, wato bar 3 zuwa 3.4 ga mu da muka saba da takardun Faransanci. Sai ya fizgi totur, allurar ta faɗo 21, kuma daidai lokacin da ta faɗo injin ya yi wannan cijewar da na sani wata uku. Ban taɓa ganin ciwon motata da idona ba sai ranar. Ya ce, "Alhaji, kamar ruwan famfo ne. Yana zuwa a tsakar gida, kowa ya ga ruwa, amma ba ya hawa bene. Wanda ya zare tiyo ya ga mai yana tsartuwa ya ce famfo lafiya, tsakar gida ya duba."

Bayanin da ya yi mini daga nan shi ne abin da na fi so direbobi su ji. Inji yana son iska kashi 14.7 a kan kashi ɗaya na fetur, a ma'aunin nauyi. Ƙwaƙwalwar mota ba ta auna man da ya shiga, lokaci kawai take ƙirgawa: ta buɗe nozul na ɗan ƙiftawa ta rufe, bisa amincewa cewa matsin da ke bayansa bai sauya ba. In matsin ya ragu, nozul zai buɗe daidai lokacinsa amma abin da ya wuce bai kai ba, feshin ma ba zai yi laushi ba. A silo inji kaɗan yake sha, shi ya sa mota ke zama lafiya lau a gareji, sai an hau babbar hanya ta buƙaci mai da yawa asiri ya tonu. Ya ce iyayen gidansu da suka koyi aiki a kan Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, ba su damu da geji ba, don famfon kafireta matsinsa bai kai 7 ba, ana iya gane lafiyarsa da ido. Motocin yanzu masu fesa mai kai tsaye cikin silinda kuwa suna haura 2,000, waɗannan ko kusa ba a ɓalle musu bututu da ka.

Sai ya kashe motar ya ce mu zuba wa allura ido minti biyar. Littafi ya ce kada ta sauka ƙasa da 21 a wannan lokacin. Ta tsaya a 29, ba ta motsa ba. Ya ce to nozul ba sa ɗiga, babu inda mai ke zurarewa, kuɗin da na kashe a kansu da na bar shi a aljihu. Saura abu huɗu: wuta ba ta isa famfo, ko matata ta toshe, ko abin da ke daidaita matsi ya saki, ko famfon kansa ya gaji. Aka kira mai rewaya daga rumfar gaba, ya sa mita a soket, wuta ta haura 13, ya karɓi naira 1,000 ya tafi. Saura uku, kuma duk suna cikin tanki.

Da aka zaro gidan famfon, rariyar da ke ƙasansa ta zama kamar an tsoma ta a kunun laka. Tsohuwar ce, ba a sauya ta ba, matatar ma ta asali ce tun daga Turai. Aka sauke tanki aka juye a baho, jan yashi ya kwanta a ƙasa, da ruwa kusan rabin kofi yana yawo a ƙarƙashin fetur. Wannan tarin shekaru ne na jarkoki da kwalabe da mazurarin da ba a rufewa daga ƙurar hunturu. Gurɓataccen mai ba a bakin titi kaɗai yake ba, Kanawa ba su manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Beljiyam ya lalata motoci ya jawo dogayen layuka a Najeriya. Amma yashin da ke bahon nan na san inda na saye shi.

Maigidan garejin bai ce a sayi famfo nan take ba. Ya aika aka kawo rariya da matata, aka wanke tanki aka mayar, aka sake ɗaura geji. Allura ta hau 40, in an taka ta sauko 35. Ya ce an samu sauƙi amma ba a kai ba, famfon wata biyu ya yi yana jan laka ta toshasshiyar rariya, ya riga ya cinye kansa. Sai a lokacin ya ce mu tafi Sabon Gari.

Adaidaita ya ɗauke mu a naira 300 kowanne. Sabon Gari a ƙaramar hukumar Fagge take, amma kana tsallakawa za ka san ka shiga wata duniyar. Turawa ne suka yanka ta wajen 1913, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, don ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu da sauran ƙasashen bakin teku. Titunanta a miƙe suke kamar an ja da zare, da sunaye irin su France Road da Igbo Road da Yoruba Road da New Road inda dogayen motocin kudu ke lodi. Mun ratsa gefen kasuwar Abubakar Rimi, wadda gobara ta yi wa mummunar ɓarna a Maris 2016, yanzu kuwa ba masaka tsinke. Baba ya so mu je Ƙofar Ruwa, inda kayan mota suka fi yawa, amma maigidan garejin yana da mutuminsa a nan.

Mai shagon Ibo ne haifaffen Kano, Hausarsa ta fi tawa zama Kananci. Ya ba mu benci, ya aika aka kawo mana ruwan leda mai sanyi, ya jera famfo uku a kan kanta. Sabo mai araha naira 13,000, wani sabon 22,000, sai ɗan Beljiyam na asali da aka ciro daga mota, 38,000 da gidansa. Na farkon na gane shi, irinsa aka sa mini a Maraɗi a jika 15. Maigidan garejin ya ɗauki ɗan Beljiyam ya ce, "Oga, sharaɗinmu na kullum. In bai kai 44 ba zan dawo maka da shi." Mai shagon ya ce, "Ba matsala, Maigida, ai kai ba ka dawo da kaya sai da hujja." Aka daidaita a 35,000. Wannan ya tsaya mini a rai. A kasuwar kayan mota, a gida da nan, rigima ba ta ƙarewa: mai saye ya ce jabu aka ba shi, mai sayarwa ya ce makanike ne ya ƙona. Tsakanin waɗannan mutum biyu babu rantsuwa babu ɗaga murya, lamba ce shaida. Kafin mu koma muka ci sakwara da miyar agushi a wani ɗakin abinci na Yarbawa, naira 2,500 kwano, abincin da sai ka yi da gaske kafin ka same shi a Maraɗi.

Ana kiran la'asar aka ɗaura geji karo na uku. Allura ta yi tsalle ta tsaya a 47. Aka fizgi totur, ta ɗan girgiza ta koma wurinta. Bai yarda da wannan kaɗai ba, ya zaro gejin ta gefen bonet ya manne shi a gilashi, muka hau titin Katsina har Dawanau muka dawo, ni ina tuƙi shi yana kallon allura, ba ta sauka ƙasa da 45 ba. A hanya ya ce tun da mai ya yi tsada aikin famfo ya ƙaru a garejinsa, don mutane lita biyu ko uku suke sha, kullum tanki a ƙasa, alhali fetur ɗin da famfo ke nutse a ciki shi ke sanyaya shi. Shawararsa kada in bar ta ta sauka ƙasa da kwata. Kuɗin aikinsa duka, da awo uku da wankin tanki, naira 15,000 ya ce. Na ƙara masa, ya karɓa da godiya ya miƙa wa yaransa.

Kwana uku muka yi a Fagge, Baba bai bari mun sayi ko da abincin dare ɗaya ba, ranar tafiya kuma ya haɗa mu da turmin atamfa na kai wa iyali. Kafin mu kama hanya na koma Sabon Gari na sayi akwatin geji da mahaɗansa a naira 28,000, wajen jika 11, ƙasa da kuɗin famfon da na yi asara. Mun bar Kano da hantsi, da gangan, don rana ta same mu a hanya. Mun wuce gonar dattijon nan ta Tsanyawa da gudu 100, na tsaya na koma da baya na kai masa goro.

Gejin yana hannun makanikena a Maraɗi, na rubuta masa lambobin Corolla a jikin murfin akwatin. Ku kuma 'yan'uwana masu mota, daga Maraɗi har Kano, duk ranar da aka ce muku famfo ne, ko nozul ne, ko sai an sauke inji, ku tambaya cikin ladabi nawa geji ya nuna kafin ku ciro kuɗi.